Gafarar Allah Tana Goge Bashin Albasa?

Mai Albasa: Salama a gare ku. Ranar Lahadi a nan Marwa wani ɗan'uwa ya kawo buhun dawa baikon godiya, ya ba da shaida cewa jinin Yesu ya wanke masa kome, babu wanda ke binsa. Ni kuwa ina zaune a baya, buhu 6 na albasa ya ɗauka a wurina bara ya kai Duwala, har yau ko dala ban gani ba. Da na tuna masa, sai ya ce an biya a kan gicciye.

Ɗan Kwaya (mawaƙin coci): Yaya, ka yi haƙuri, amma ina ganin yana da hujja. Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba. Ɓarawon da aka gicciye tare da Ubangiji, me ya mayar? Amma a ranar aka yi masa alkawarin Firdausi.

Mama Zumunta: Ɗana, ɓarawon nan a rataye yake, da me zai mayar? Wannan ɗan'uwan kuwa har sabon babur ya saya. Je ka Luka 19. Zakka mai karɓar haraji na Yariko, ba wanda ya tilasta shi, shi ya tashi ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai biya shi ninki huɗu.

Ɗan Kwaya: Mama, ashe Zakka sayen ceto ya yi?

Baba Dattijo: A'a. Yesu ne ya fara kiransa daga kan itace, ya ce yau a gidansa zai sauka, tun bai yi alkawarin kome ba. Biyan ya biyo baya, godiya ce. Ko a zamanin hadayar dabbobi haka tsarin yake. Littafin Firistoci sura 6 ya ce wanda ya ci amanar maƙwabcinsa ya mayar da abin, ya ƙara humushi, sannan ya kawo rago marar aibi. Ragon na Allah ne, kayan na mai kaya. Yesu ya ɗauki wurin ragon sau ɗaya tak, amma ban ga inda ya ce a riƙe kayan ba. Shi ma ya ce in ka zo bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna, Matiyu 5:23-24.

Malamin Lahadi: Baba, ban ƙi ba, sai dai Mai Albasa ma akwai tasa ayar. A misalin da Yesu ya bayar, bawan da aka yafe wa ƙaton bashi na talanti 10,000 ya shaƙe abokinsa kan ɗan bashin dinari 100, ƙarshensa ubangidansa ya hukunta shi.

Mai Albasa: Malam, ban shaƙe kowa ba. Da ya zo ya ce Yaya, kaya sun ruɓe a hanya, ka jira ni, da na jira, wataƙila ma in yafe rabi. Ka yafe wa wanda ya ce ba ka binsa, ta ina za ka fara?

Mama Zumunta: Zuciyarka dai ka wanke, ɗana, kada ka je Jibin Ubangiji, cin gurasar tunawa da mutuwar Yesu, da ƙullin nan.

Ɗan Kwaya: Ni har yanzu ina cewa cetonsa bai rataya a buhu 6 ba.

Baba Dattijo: Cetonsa ba mu za mu yanke ba. Buhunan kam mu ne. Mai Albasa, ka same shi kai kaɗai tukuna. In bai ji ba, Alhamis bayan addu'ar yamma ni da mai ajiyar kuɗi za mu raka ka. Dawar da ya kawo a bar ta a ɗakin ajiya har mu dawo.