Mi ya hana mu narka tantalayit nan gida?

Dan_TudunWada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mai gyaran waya ne nan Gusau, jiya ƙanen babana da ke sayen duwatsu ya nuna mini wani baƙin dutse ɗan mitsitsi amma in ka ɗauka sai ka ji hannu ya yi ƙasa, ya ce tantalayit ne wai da shi ake kafasito na waya, ɗan abin nan mai riƙe caji. To mi ya sa kullum ɗanye ake sayarwa, ba a narka shi yadda maƙera ke narka zinari da alminiyam?

Injiniya_Kaura:
Wa alaikumus salam ƙanena. Alminiyam na narkewa a digiri 660 na Selshiyas, zinari 1064, shi ko tantalum, ƙarfen da ke cikin tantalayit, sai 3017, gawayi da zugazugi ba su kai can ba, kuma da ya ɗau zafi sai ya riƙa zuƙar oksijin ya yi gautsi. Shi ya sa ake bi ta hanyar gari. Ana jiƙa dutsen cikin asid na haidirofulorik a raba tantalum da ɗan uwansa ƙarfen niyobiyam, a fitar da wani gishiri K2TaF7, a haɗa shi da narkakken sodiyam sai ƙarfen ya fito gari-gari. A wanke, a danna cikin mazubi kamar mai buga bulo, sannan a gasa cikin tanda da aka zuƙe wa iska har ƙwayoyin su manne da juna ba tare da sun narke ba.

Dan_TudunWada:
To Injiniya ba za a samu ramuka ciki ba?

Injiniya_Kaura:
Ai a kafasito ramukan ake nema! Ɗan curin nan kamar soso yake, kowane lungu sai a lulluɓe shi da siririyar fatar oksayid, ita ke riƙe caji, shi ya sa ɗan rawayan nan da kake cirewa a bod ɗin waya bai kai ƙwayar shinkafa ba amma yana aiki sosai. In sanda ko faranti ake so, nan ne ake ƙara wuta sosai don ramukan su toshe.

Maman_Khalifa:
Malam don Allah ka gaya wa baffanka kar ya daka dutsen nan cikin gida. Mu 'yan Anka mun ga abin da dalma ta yi a 2010, yara sama da 400 suka rasu a Zamfara saboda niƙan dutsen zinari a tsakar gida. Shi ma tantalayit sau da yawa akwai yuraniyam da toriyam a jikinsa, sinadarai masu fitar da radiyeshan mai cutarwa, a aje buhun nesa da ɗakin kwana da inda yara ke wasa.