Neman shawara: sauya robar gilashin ƙofa a tsohuwar Beetle

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina farfaɗo da Volkswagen Beetle ƙirar 1972 da na gada daga mahaifina, kuma yanzu aiki ya iso kan ƙofofi. Robar da ke shafar gilashi daga waje ta bushe, har idan na sa mata farce sai ta farfashe kamar gawayi. Hanyar da gilashin ke bi kuwa ta suɗe, shi ya sa yake kaɗawa duk lokacin da aka rufe ƙofa. Da na cire murfin ƙofar direba, na tarar da ruwa kwance a ƙasanta da laka da tsatsa. Na sayi sabon saitin roba, amma ban yi fenti ba tukuna. Shin in sa robar yanzu don ruwa ya daina shiga, ko in jira? Da wace zan fara? Babban tsorona shi ne kada in fasa gilashin da motar ta zo da shi.

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ka dakata da robar nan tukuna, domin ba ita kaɗai ta jawo ruwan da ka gani ba. Robar waje ba a yi ta don ta tare ruwa gaba ɗaya ba, aikinta ta share gilashi ta rage abin da ke gangarawa, ragowar kuma ya fita ta ƙananan ramukan da ke ƙarƙashin ƙofa. Tun da ruwa ya kwanta, to ramukan nan sun toshe. Ka zura siririyar waya ka buɗe su, ka kankare tsatsar, idan ƙarfen ya huje a yi masa walda, sannan a shafa maganin tsatsa a ciki. Bayan haka sai fenti, roba kuma ita ce ta ƙarshe. Duk wanda ya sa roba kafin fenti zai bar ƙarfe tsirara a ƙarƙashinta, wurin da danshi ya fi daɗewa, ga kuma fenti da zai ɓata gefen sabuwar robar.

Amsa ta biyu:

Na goyi bayan ɗan'uwa a kan wannan. Game da tsari kuwa, a Beetle robar waje mai ɗauke da farin ƙarfen ado ita ake fara sawa, kafin a mayar da ƙaramin gilashin nan mai kusurwa uku, sai hanyar gilashi, sai babban gilashin, robar ciki kuma a ƙarshe. Na taɓa saɓa wannan tsari, sai da na sake kwance ƙofar gaba ɗaya. Ka ɗauki hoton kowane mataki yayin da kake kwancewa, kuma kada ka zubar da tsofaffin kilif, wato ƙananan ƙarafan da ke riƙe robar a jikin ƙofa, sai ka tabbatar sababbin sun kama, don wani lokaci na da sun fi zama daidai a raminsu. Ka kuma duba ko saitin da ka saya na shekarar motarka ne, saboda an ƙara girman gilasan Beetle daga ƙirar 1965, na kafin nan ba zai hau taka ba.

Batun fashewa, irin wannan gilashi yana jure bugu a tsakiya, amma rauninsa yana gefe, kuma idan ya fashe warwatsewa yake yi baki ɗaya. Kada bakin sukurudireba ya kusanci gefensa. Ka nannaɗe leɓen ƙofar da salatif na takarda, ka sami wanda zai riƙe maka, ka ajiye gilashin a kan bargo.

Amsa ta uku:

Abin da na fi so Malam ya kiyaye shi ne kada ya ja robar yana sa ta. Idan aka miƙe ta sai ta yi kamar ta zauna lafiya, bayan wasu watanni ta koma tsawonta na asali, ta bar giɓi a kusurwa. A shanya ta a rana ko a jiƙa ta da ruwan ɗumi ta yi laushi, a tura ta da yatsa a hankali, idan za a yanka kuma a bar ɗan rara. Gilashin zai yi wuyar hawa da sauka a makonnin farko, kuma nan ne mutane ke shafa giris. Yawancin robar yanzu irin wadda ake kira EPDM ce, wadda ke jure rana amma take kumbura idan man da aka samo daga fetur ya taɓa ta. Feshin silikon ya dace da ita, giris kuwa na haƙoran injin ɗaga gilashi ne. Kada kuma a manta da ledar da ke tsakanin ƙofa da murfinta, ita ce ke hana danshi lalata kwalin murfin.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zura waya ɗazu, ramukan ƙofar direba duk a toshe suke, kuma kusurwar baya ta huje kamar faɗin babban yatsa. Na mayar da robar cikin kwalinta, gobe zan cire ƙofar in kai wa mai walda.