Tashoshin shirye-shiryen kimiyya sun ɓace daga dish ɗina

Rabi'u, Jidda: Assalamu alaikum. Yara na son shirye-shiryen kimiyya da lafiya na Al Jazeera Wasa'iƙiyya da National Geographic Abu Dhabi, amma yanzu sai allo ya ce babu sigina. Ina matsalar take?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Fara duba sigina a risiba. Idan ƙarfi na nan amma inganci sifili ne, iska ta goce da kwanon, ko saitin LNB, wato na'urar da ke gaban kwanon tana karɓar sigina, ya canja. Tauraron ɗan'adam na Nilesat, mai ɗauke da tashoshin, yana digiri 7 yamma. Sa LNB a kan Universal, 9750/10600, sannan ka yi blind scan, wato risiba ta nemo tashoshi da kanta, don tashoshi kan sauya mita.

Hajiya Binta: Ƙanena, a Jidda danshin teku ne babban ɓarawo, yana sa kan waya tsatsa. Kashe risiba tukuna, ka yanke santimita biyu daga bakin wayar, ka sa sabon kai. Ko zare ɗaya na ragar da ke cikin wayar ya taɓa jan ƙarfen tsakiya, sigina ya tafi. Ka naɗe da tef.

Malam Habu: Haka ne, Hajiya. Kwanon kuma kaɗan-kaɗan ake juya shi, wani na kallon allo.