Muhawara: Shin Satar Kiɗa ce ta Kai Paul McCartney Legas a 1973?

Mai Shagon Faifai:
Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne Fela Kuti bai yi kuskure ba da ya zargi Paul McCartney da zuwa Legas a 1973 domin ya kwashi kiɗan baƙar fata. Mutumin da ya fito daga shahararriyar ƙungiyar mawaƙan Ingila The Beatles, wanda babu ɗakin ɗaukar sauti a Landan da zai rufe masa ƙofa, me zai sa ya tsallake su duka ya taho Apapa ana damina, ya yi makonni yana fama da na'ura guda mai layi takwas a sutudiyon kamfanin faifai na EMI? Ruwa ba ya tsami banza. A lokacin kiɗan Fela yana tashe, Ginger Baker, Baturen Ingila mai kaɗa ganguna, kuma ya riga ya kafa nasa sutudiyon a Ikeja, wato Turawan da ke cikin sana'ar sun san inda sabon abu yake fitowa.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Zargin ya faru, babu musu, amma ka tsaya a rabin labarin. Da maganar ta kai kunnen McCartney, sai ya gayyaci Fela sutudiyon ya kunna masa abin da suka ɗauka, domin ya ji da kunnensa ko akwai kiɗan Afirka a ciki. Kundin da ya fito daga wannan tafiya, Band on the Run, yana nan tun ƙarshen 1973, kuma na saurare shi sau ba adadi a shekarun da nake aiki. Ban taɓa jin salon gangunan Afrobeat ko amshin 'yan mata irin na Fela a cikinsa ba. Waƙar da sunanta ya fi kama da na Afirka, Mamunia, daga sunan wani otal na Marrakesh a Maroko aka samo ta. Dalilin zuwansa kuwa shi da kansa ya faɗe shi: ya gaji da aiki a Ingila, ya nemi EMI ta ba shi jerin sutudiyonta na ƙasashen waje, sunan Legas ya burge shi, yana zaton hutu da bakin teku zai tarar.

Malamar Kiɗa:
Ina goyon bayan Baba, kuma hujjata daga yadda aka yi aikin take. Dab da tafiyar, mai jita Henry McCullough da mai ganguna Denny Seiwell suka fice daga Wings, ƙungiyar da McCartney ya kafa bayan watsewar The Beatles, saboda haka mutum uku kawai suka rage, wato shi da matarsa Linda da Denny Laine. Wanda ya zo neman kiɗan Legas, ga shi babu mai ganga, ai a ranar farko zai nemi makaɗan gari, a birnin da Tony Allen yake kaɗa wa Fela. McCartney kuwa sai ya zauna a kan gangunan da kansa, ya kaɗa jitar bas, ya kuma ɗauki kaso mai yawa na jitar da ke jan waƙa. Wannan ba sabon hali ba ne gare shi. Da jita ya fara wasa a ƙungiya bayan ya haɗu da John Lennon a Liverpool a 1957, bai koma bas ba sai a 1961 da mai bas ɗinsu Stuart Sutcliffe ya bar The Beatles a Hamburg, inda McCartney ya sayi jitar bas ta kamfanin Höfner mai siffar goge, wadda ta dace da shi kasancewarsa bahago. Shi ya kaɗa tsakiyar jitar Taxman a 1966 ko da yake waƙar George Harrison ce, shi kuma ya buga ganguna a Back in the U.S.S.R. a 1968 sa'ad da mai gangunan ƙungiyar, Ringo Starr, ya yi yaji na ɗan lokaci. Idan akwai abin da za a tuhume shi da shi a Legas, to son yin komai da hannunsa ne.

Mai Shagon Faifai:
Malama, na ji, amma ai ya je gidan rawar Fela, ya kuma sha faɗa daga baya cewa kiɗan ya sa shi hawaye. Abin da ya shiga kunnen mawaƙi har ya taɓa zuciyarsa haka, ta yaya za a ce bai bi shi gida ba?

Malamar Kiɗa:
Jin daɗin kiɗa daban, ɗaukarsa daban, Alhaji. Yawancin waƙoƙin an tsara su ne kafin ya sauka a Najeriya, shaidar haka kuwa ita ce daren da 'yan fashi suka tare shi da Linda da wuƙa suna tafiya a ƙasa, cikin abin da suka ƙwace har da kaset ɗin gwajin waƙoƙin da rubutattun baitoci, dole ya sake tuno su da ka.

Ɗalibin Shari'a:
Da izinin iyayena, ina ganin an kama reshe an bar tushe. Idan ana neman inda ɗan Najeriya yake da ƙorafi na gaskiya a kan McCartney, a koma Landan ta 1968. Jimmy Scott, ɗan Najeriya mai kaɗa gangar konga a gidajen rawa na birnin, shi ne yake yawan furta kalmomin da suka zama sunan waƙar The Beatles mai suna Ob-La-Di, Ob-La-Da da amshinta, har ma ya kaɗa konga a wani ɗauka na farko da ba a saka a kundin wannan shekara ba. Da waƙar ta fito ya nemi kasonsa, McCartney ya ce magana ce kawai ta baka. Daga baya aka tsare Scott a kan kuɗin ciyar da tsohuwar matarsa, McCartney ya biya masa, shi kuma ya janye neman da yake yi. Har yau sunayen Lennon da McCartney ne kaɗai a kan waƙar. Wannan ya fi damuna fiye da batun Legas, domin sulhun da aka yi da mutumin da ke tsare, wanda ba shi da wata mafita, da wuya a kira shi sulhun yarda.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Ɗana, ka kawo magana mai nauyi, amma ka duba ta ta ɗaya fuskar. Mawaƙanmu na Hausa kullum suna tsintar karin magana da zancen kasuwa su gina waƙa a kai, ba mu taɓa jin wanda ya fara furta zancen ya zama marubucin waƙar ba. Karin sautin, labarin Desmond da Molly, da kiɗan da aka jingina da salon ska na Jamaika, duk aikin McCartney ne. Kuma mutumin bai saba ɓoye inda ya sha ruwa ba: ya sha ambaton Little Richard a matsayin wanda ya koyi waƙa daga gare shi, da James Jamerson na kamfanin faifai na Motown a fannin bas, The Beatles kuma ta ƙi yin wasa a Jacksonville ta Amurka a 1964 sai an bar baƙi da farare sun zauna tare.

Ɗalibin Shari'a:
Baba, karin magana na kowa ne saboda ba a san mai shi ba, wannan kuwa an san mai shi, yana kuma raye a lokacin, McCartney ma bai musa daga bakinsa ya ji ba. Abin da ya ƙara mini nauyin lamarin shi ne shi kansa ya san zafin rasa haƙƙin mallaka, tunda a 1969 kamfanin Northern Songs da ke riƙe da waƙoƙinsa ya faɗa hannun kamfanin ATV, a 1985 kuma Michael Jackson ya saye sashen waƙoƙin ATV ɗin a kan dala miliyan 47.5, ya yi shekaru yana kukan wani ne ke cin moriyar abin da ya rubuta. Ko da doka ba ta tilasta ba, ƙaramin kaso da aka rubuta da sunan Scott ba zai rage masa komai ba.

Mai Shagon Faifai:
Batun Scott ban san shi da wannan zurfi ba, na gode. Game da Legas kuwa, na sassauta kalmar sata, amma ban janye cewa Fela yana da dalilin tsayawa ya tambaya ba, domin ya ga yadda kiɗan baƙaƙen Amurka ya arzuta wasu ya bar masu shi, ba kuma zai jira a gama ɗauka sannan ya yi magana ba. Ina da faifan Gentleman na Fela, wanda shi ma a 1973 ya fito, ina kuma da Band on the Run. Malama, ki faɗa mini waƙar da zan fara gwada bas ɗinta da na Fela.

Malamar Kiɗa:
Ka fara da Mrs. Vandebilt, Alhaji, domin a nan bas ɗin ya fi fitowa fili. Ka lura da yadda nasa yake yawo yana bin sauyin sautin waƙar kamar murya ta biyu, na ƙungiyar Fela kuwa yana kafewa a kan gajeren zubi guda, ana ta maimaita shi na tsawon mintuna, ganguna da ƙahonni suna hawa a kansa.