Ba kowane ciwon ƙoda na mai suga ne suga ta jawo ba

Likitan iyali: Assalamu alaikum. Abin da ke damuna, da an ga furotin a fitsarin mai ciwon suga sai a ce suga ce ta ci ƙodar, a rufe magana. Ku da kuke kan aikin, me kuke dubawa kafin ku yanke hukunci?

Likitan ƙoda: Wa alaikumus salam. Fara da lokaci. Suga ba ta gaggawa wajen cin ƙoda. A ciwon suga nau'i na 1 da wuya illar ta bayyana kafin shekara 5. A nau'i na 2 kuwa mutum kan daɗe da cutar bai sani ba, shi ya sa ake gwada fitsari tun ranar da aka gano ta. Albumin, wani furotin na jini, kan fara zuba a fitsari kaɗan-kaɗan, hawan jini ya biyo, eGFR, ma'aunin ƙarfin tacewar ƙoda, ya riƙa sauka shekara da shekaru. In mutum ya kumbura cikin sati biyu, ko creatinine, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya yi tsalle cikin wata guda, nemi wani dalili. Tambayi ko yana shan maganin kashe ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen, a gwada hepatitis B da C da HIV. Mace mai ciwon gaɓoɓi da ƙuraje a fuska, a duba lupus, cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mutum.

Mai ɗakin gwaji: Likita, ku daina dogara da gwaji ɗaya, don Allah. ACR, gwajin yawan albumin a fitsari, daga 30 mg/g zuwa sama bai tabbata ba sai biyu cikin gwaji uku sun nuna, a tsakanin wata 3 zuwa 6. Zazzaɓi, ciwon sanyin fitsari, al'ada, ko motsa jiki mai tsanani duk suna ɗaga shi. A kawo fitsarin farko na safe. Kuma ku nemi a duba shi a madubin likita: jajayen ƙwayoyin jini da suka dunƙule da siffar bututun ƙoda alamar kumburin matatar ƙoda ce, ba aikin suga ba.

Likitar ido: Ku turo mana masu sugar mu duba idonsu. Mai nau'i na 1 da furotin ke zuba amma bayan idonsa lafiya lau, abin tuhuma ne sosai cewa ba suga ce ta jawo ba. A nau'i na 2 hujjar ba ta kai haka ƙarfi ba.

Mai hoton ciki: Ƙodar mai suga kan riƙe girmanta, ko ma ta fi. In duka biyun sun motse, tunanina ya fi karkata ga hawan jini ko tsohon kumburi. In ɗaya ta fi ɗaya da sama da santimita 1.5, a duba ko jijiyar da ke kai mata jini ta tsuke. In fitsari ya taru a ciki, toshewa ce, a tsofaffin maza galibi firostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara.

Likitan ƙoda: Haka ne, Malam. Bayan fara maganin hawan jini lisinopril ko losartan, a sake gwada creatinine da potassium cikin sati 2 zuwa 4. Ƙaramin hawan creatinine ba komai, amma in ya haura kashi 30 cikin ɗari a binciki wannan jijiyar. Inda alamu suka saɓa, a ɗebi tsokar ƙoda da allura a duba, domin wasu cututtukan suna da maganinsu daban, kuma sukan haɗu da na suga a ƙoda ɗaya.