Shawarwarin 'yan wasa kan saita World of Warcraft

Abin da 'yan wasan kwamfuta na World of Warcraft suka fi nanatawa idan suna tattauna saita wasan shi ne babban fayil (folda) ɗin WTF, inda wasan ke ajiye saitinka da na ƙarin manhajojin da ka girka. Kafin ka taɓa komai, kwafe shi ka adana a wani wuri. Kada ka gyara Config.wtf, fayil ɗin saiti da ke cikin WTF, alhali wasan yana buɗe, domin yana rufewa zai sake rubuta fayil ɗin, aikinka ya tafi a banza.

Idan hoto yana sarƙewa, danna Ctrl da R ka ga adadin hotunan da ke fita a daƙiƙa. Masu kwamfutoci marasa ƙarfi su fara rage ingancin inuwa da ruwa a saitin hoto, su ne ke cinye ƙarfin na'ura. Amma an yi gargaɗi sosai kan Projected Textures, wani zaɓi a saitin hoto: a bar shi a kunne. In ka kashe, wasu alamomin haɗari da ke zanuwa a ƙasa ba za su fito sosai ba, sai ka tsaya cikin wuta ba ka sani ba. Wannan gaskiya ne, kuma sabbin shiga ne suka fi faɗawa ciki.

Jera maɓallai ya yi sauƙi tun da Edit Mode, yanayin tsara allon wasan, ya zo da ƙarin wasan mai suna Dragonflight a 2022. Ja kowane sashe inda kake so, ka adana tsarin da suna.

In allo ya rikice bayan sabuntawa, rubuta /reload a akwatin hira na wasan. Bai gyaru ba? Rufe wasan, canza wa manyan fayilolin Cache da Interface (inda ƙarin manhajojin suke) da WTF suna, sannan ka dawo da ƙarin manhajojin ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana.