Dan Allah shawara: ana kama kujera a gasar kartarmu amma ba a zuwa

Salamu alaikum yan uwa. Ni ne nake haɗa gasar karta ta poka a Mamobi nan Accra duk Asabar ɗin ƙarshen wata. Tun kafin a tambaya, ba kuɗi a tebur, cips na roba ne kawai, wanda ya ci ya ɗauki kofi shi ke nan. Teksas Holdem muke yi, tebur uku, mutum tara-tara, kujera 27 ke nan. Da na sa sanarwa a WhatsApp kafin isha'i kujerun sun ƙare, har in riƙa ba wasu haƙuri, amma ranar wasa wlh sai ka ji kamar ka yi kuka. Watan jiya mutum 16 ne suka zo cikin 27, na biya hayar kanofi da kujeru, na sa an yi waakye na mutum 27, masu rabon kati uku sun bar aikinsu sun zo, mun zauna jira daga ƙarfe 2 har aka kira la'asar. Abin da ya fi ci min rai samari biyar daga Newtown da na ce musu ba wuri, ashe wuri na nan har ya yi yawa. Kuma waɗanda ba su zo ba duk na san su, wasu yayyena ne ma, ba na son abin da zai ɓata zumunci. Ya zan yi?

Ɗan Nima: Wa alaikumus salam. Ƙanena abin da aka samu kyauta ba a ganin darajarsa. Sa kuɗin kama kujera, ko sidi 20 ta MoMo, wanda ya zo ka miƙa masa abinsa a ƙofa, wanda bai zo ba ya tafi cikin kuɗin abinci. Da can ana kukan E-levy, harajin tura kuɗi ta waya, yanzu tun Afrilun 2025 an soke shi, ba wanda yake da hujja.

Malami daga Fadama: Ɗan'uwa a bi a hankali da maganar kuɗin nan. Ita kartar kanta akwai malaman da ba sa so ko ba kuɗi, balle kuɗi ya fara shiga. Na biyu kafin alƙalamin da ba a mayarwa, a mazhabar Imamu Malik ba a yarda da shi a ciniki ba, Imamu Ahmad ne ya halatta. In dole sai ka karɓa, ka faɗa ƙarara cewa gudummawar abinci da haya ce, kowa ya bayar da yardarsa, kuma ko pesewa ɗaya kada ta shiga hannun wanda ya ci wasa, don da ta shiga ta zama caca. Kuma a riƙa tashi a yi salla a kan lokaci.

Ɗan Nima: Malam gaskiya ka faɗa, na karɓa. Bayan addini ma akwai hukuma, ana karɓar kuɗin shiga ana biyan wanda ya ci toh ka shiga gonar Gaming Commission, hukumar kula da caca, dokarsu ta 2006 tana nan, lasisi ake nema.

Tsohon mai rabon kati, Ashaiman: Ni a ganina laifin ba na masu ƙin zuwa ba ne kaɗai, ka yi haƙuri ɗana, kai ma ka koya musu. Ka ce ƙarfe 2 kuma ka zauna jira har la'asar, toh wanda ya zo da wuri ka hukunta shi ke nan, wata mai zuwa shi ma ba zai yi sauri ba. A gasa ta gaske agogo ne shugaba. Lokaci na yi a raba kati ko mutum goma ne. Wanda ya ce yana hanya a ajiye masa cips ɗinsa a gaban kujerarsa, duk zagayen da ya zo kansa mai rabo ya cire ƙaramin zubi da babban zubi, wato cips ɗin dole da ake zubawa kafin a raba kati, kamar yana zaune, katinsa a jefar. Ka sa zubin ya riƙa hawa duk minti 20, in an gama hawa na uku, awa ɗaya ke nan, a rufe ƙofa a kwashe cips ɗin wanda bai iso ba. Mutum ya zo sau ɗaya ya tarar an ci masa gefen tarinsa, ba sai ka yi masa faɗa ba. Sannan mutum 16 me ya sa za ka riƙe tebur uku? Ka karya ɗaya ka yi takwas-takwas, wasan ma ya fi daɗi.

Mai tambaya: Baba na ji, kuma laifina ne, kunya ce take hana ni farawa in babba bai iso ba. Amma wanda ya taso daga Kasoa ranar Asabar fa, ka san hanyar nan, trotro sai ya yi awa biyu bai kai Circle ba.

Tsohon mai rabon kati, Ashaiman: Shi ya sa na ce awa ɗaya. Wanda yake zuwa da gaske zai kira ka daga cikin mota, wanda wayarsa take kashe ba ya hanya.

Hajiya mai waakye: Ni ta ɓangaren abinci zan yi magana. Asabar a zango ranar biki ce da suna, mutum yana sa suna mako biyu kafin ranar bai san me zai taso ba. Kar ka buɗe rajista da wuri haka. Buɗe ran Talata, ran Juma'a bayan masallaci ka tura wa kowa saƙo shi kaɗai, ba cikin guruf ba, don a guruf kowa yatsa kawai yake ɗagawa. Wanda bai amsa ba zuwa ƙarfe 9 na dare kujerarsa ta koma ga na layin jira. Sai da safe ka faɗa wa mai abinci adadi, mu ma hakan ya fi mana sauƙi.

Wani daga Madina: Ka yi irin na jiragen sama mana, rubuta 32 a kujera 27.

Hajiya mai waakye: A'a ɗana, ranar da duk suka zo wa za ka ce ya tashi? Rigima ce wannan.

Tsohon mai rabon kati, Ashaiman: 30 zai yiwu. Tebur yana ɗaukar goma, kati 20 a hannu, biyar a tsakiya, uku na ƙonawa da mai rabo yake ajiyewa gefe, 28 cikin 52. Kar dai ya wuce haka.

Ɗan Nima: Ka duba jadawalin ƙwallon Ingila ma kafin ka sa rana, babban wasa na nan rabin mutanenka suna gidan kallo. Kuma wanda ya yi fashi sau biyu bai sanar ba, kar ka kore shi, ka dai sa shi ƙarshen layin jira wata ɗaya. Ka rubuta dokar a saman guruf tun yanzu don ranar da ta faɗa kan yayanka ba kai ka yi ba, doka ce.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Wannan watan ba zan taɓa kuɗi ba tukun, zan yi na Hajiya da na Baba, suna 30, saƙon Juma'a, mu fara 1:30 bayan azahar mu tashi la'asar mu dawo. Samarin Newtown ɗin nan biyar su zan fara rubutawa. Baba dan Allah in ba damuwa ka zo ka riƙe mana agogon ranar, in kai ka ce a raba kati ba wanda zai yi musu.